"Ni Kaɗai" da Turanci: Inda Ɗalibin Tabanni Kan Yi Tuntuɓe

Shekaru aka yi a Tabanni da sauran ƙauyukan gefen dajin Birnin Gwari mutum bai isa ya tafi gona shi kaɗai ba, saboda 'yan bindiga. Matafiya a hanyar Kaduna sukan jira a haɗu, a yi jerin gwano. Sai bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya sanar a Nuwamban 2024, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu, mutane suka fara sakin jiki.

To, ɗalibin da ya tashi ba da wannan labari a jarrabawar WAEC ko NECO, yaya zai ce "na tafi gona ni kaɗai"?

Hanyoyi uku ne daidai: "I went alone", "I went by myself", ko "I went on my own". Matsalar ɗan Hausa ita ce kalmar "kaɗai" tana ɗauke da ma'anoni da dama, Turanci kuwa ya raba su. Yaro sai ya rubuta "I only went to the farm", bai san ya ce "gona kawai na je" ba. Wani ya jefar da "by", ya ce "I went myself", wato "da kaina na je, ban aiki kowa ba", ko da kuwa mutum goma suka raka shi. Ga masu gauraya "by myself" da "on my own" su fito da "by my own", abin da mai duba takarda zai ja wa jan biro nan take.

"Alone" ma ba ta zama gaban suna. Matafiyi shi kaɗai "a lone traveller" ne.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce "lonely". Wannan kewa ce, ciwon zuci, ba ƙidayar mutane ba. Manomi na iya wuni a gona shi ɗaya ransa fes. Ɗan gudun hijira a tsakiyar Kaduna na iya zama "lonely" cikin dubban jama'a.

A Turancin Najeriya kuma, in aka ce maka "you are on your own", an zare hannu ne daga lamarinka.

Tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, malamai su koyar da waɗannan daga jimlar Hausa tukuna, kafin a kai ga haddar ƙa'ida.