Ba sai girgizar ƙasa ta zo garinku ba kafin sabis ya ɗauke

Ranar 14 ga Maris, 2024, intanet ta yi rauni a faɗin Najeriya. Manhajojin bankuna suka ƙi buɗuwa, masu POS suka yi ta ba mutane haƙuri. Matsalar ba daga wayoyinmu take ba: manyan igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, su ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Binciken farko na kamfanin MainOne ya ɗora laifin a kan motsin ƙasa a ƙasan teku. Ka ga ke nan, ɗalibi a Aliero yana iya rasa tiransifa saboda ƙasar da ta motsa a inda bai taɓa zuwa ba.

Kebbi ba yankin girgizar ƙasa ba ne. Ko a Najeriya, abin da aka fi gani shi ne ƙananan motsi, irin na Kwoi a jihar Kaduna a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018. Amma yadda girgiza ke kashe sadarwa ya kamata ka sani, domin abubuwan da wayarka ta dogara da su a sarƙe suke.

Turken sadarwa yana buƙatar abu uku: wuta, da igiyar da ke haɗa shi da sauran duniya, da hanyar da mota za ta bi ta kai masa man janareta. Girgiza kan taɓa ukun a lokaci guda. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta rushe gidajen da aka kafa turaku a samansu, ta katse wuta, ta tsage titin saukar jirage na Hatay. Turakun da suka tsira ma sun mutu da batirinsu ya ƙare, a daidai lokacin da mutanen da gini ya danne ke neman kiran 'yan uwansu.

Batun hanya shi ne wanda aka fi mantawa. Kwalta da gada sukan tsage, kuma igiyar intanet galibi a gefen titi ake binne ta, don haka tare suke lalacewa. Dubi Jega: nan hanyar Sakkwato ta Aliero, da ta Yawuri ta Maiyama, da ta Birnin Kebbi suka haɗu. Gada ɗaya ta karye, ko da ambaliya ce ta karya ta ba girgiza ba, motar albasa da tankar dizal da injiniyan gyara duk sun tsaya. Wuta ma haka: layin da ya taso daga Kainji zuwa tashar Birnin Kebbi ne ke ɗauke da yankin, shi ya sa gobarar da ta tashi a tashar a Satumban 2023 ta jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu.

Idan sabis ya yi rauni, tura gajeren saƙo maimakon kira, ya fi saurin samun hanyar wucewa. Lambobin USSD na banki kuma ba sa buƙatar data. Sauke taswirar yankinku a Google Maps tun akwai sabis, ka ajiye fawa-banki a cike, da ɗan kuɗi a hannu.