Wutar Magariba: Farashi da Bayani Za Su Iya Rage Wa Layi Nauyi?

Da la'asar sakaliya, Babbar Kasuwar Katsina takan fara kwashe kayanta. Masu atamfa na ninke turame, teloli na kakkaɓe zare daga jikin keke, masu sayar da kayan wuta na kashe ƙwayayen da suka wuni suna ƙyalli don jan hankalin mai wucewa. Kafin a kira magariba rumfuna da yawa sun sha kwaɗo. Sai dai nauyin da ke kan layin lantarki bai tafi ko'ina ba, bin mutane ya yi zuwa gida: Ƙofar Marusa, Rafin Daɗi, Ƙofar Ƙaura, Sabuwar Unguwa. A ɗan tsakanin nan na magariba zuwa bayan isha'i ake kunna komai a lokaci guda. Fitilu, fanka, talabijin, firji, injin jan ruwa, ga tulin wayoyi a jikin soket, ga uwargida ta jawo dutsen guga saboda kayan makarantar yara. Nan ne fanka za ta fara juyi kamar mai jin barci, ƙwai ya yi ja, wani lokacin a ji ƙara daga wajen taransifoma, unguwa ta yi ɗif.

Injiniyoyi na kiran wannan lokaci ƙololuwar buƙata, kuma shi ne ciwon kan duk wani kamfanin wuta a duniya. Lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Abin da aka samar yanzu, yanzu ake shanye shi, ajiyarsa a batir kuwa tsada gare ta. Don haka dole a gina tashoshi da layuka da taransifomomi daidai da nauyin waɗannan 'yan sa'o'i, alhali da tsakar dare rabin kayan zaman banza suke yi. A Najeriya abin ya fi tsanani, domin wutar da ake rabawa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 yawanci tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Abin da ya samu KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun bayan cefanar da kamfanonin wuta a 2013, ɗan yanki ne daga wannan. Idan nauyi ya fi ƙarfin layi, mafita ɗaya ce a hannu: a kashe wata unguwa don wata ta gani.

Wasu ƙasashen sun nemi wata hanyar, wato a sa mutane su kau da wasu ayyuka daga wannan lokaci da kansu. Ingila ta fito da tsarin Economy 7 a 1978, inda wutar sa'o'i bakwai na dare ke da rahusa, sai jama'a suka koma dafa ruwan wanka da wankin inji a lokacin. Faransa ta rarraba kwanakin shekara da launi a tsarin Tempo: kwana 300 shuɗi masu araha, 43 farare, 22 kuma ja, waɗanda ke faɗowa a lokacin sanyi, farashinsu na rana ya ninka sau da yawa. Tun ana gobe ake sanar da launin, mai gida ya shirya. Afirka ta Kudu kuwa bayani ta riƙa amfani da shi: da yamma alama kan fito a talabijin tana nuna halin da layin ƙasa yake ciki, ana roƙon mutane su kashe hita da abin da ba dole ba.

To, tsakanin roƙo da farashi, wanne ya fi ci? An gwada a yankin Kiyoto na Japan a 2012 da 2013. Gidajen da aka roƙa kawai sun rage kusan kashi 8 cikin ɗari da farko, amma da aka yi ta maimaita roƙon sai kunne ya saba, suka koma gidan jiya. Waɗanda aka ɗaga wa farashi a sa'o'in cunkoso sun rage kimanin kashi 15, kuma suka ɗore a kai. Wani gwajin a jihar Konetikat ta Amurka ya ƙaro wani abu: gidajen da aka ƙara wa farashi kawai ba su rage fiye da kashi 7 ba, waɗanda kuma aka ba ɗan allo mai nuna abin da suke ci nan take sun rage kashi 8 zuwa 22. Ashe tsada kaɗai ba ta isa ba idan mutum bai san wane kaya ne ke cinye masa kuɗi ba.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Katsina, duk wanda aka sa wa mita mai kati ya san shi. Magidancin da a da ake kawo wa takardar ƙiyasi a ƙarshen wata ba ruwansa da ƙwan waje da ya wuni a kunne, tunda ko ya kashe ko ya bari kuɗin ɗaya ne. Ranar da mita ta shigo gidan kuwa, sai ya zama mai gadi. Yakan tsaya gabanta da tocilan yana kallon ɗan jan ƙwan nan da ke ƙiftawa; da an jona hita a bokiti ya ga ƙiftawar ta ƙara sauri, sai a ji muryarsa daga zaure: "Wa ya kunna hita?" Binciken da aka yi a birnin Kef Tawun ya nuna gidajen da aka mayar kan irin wannan mita sun rage shan wuta da kimanin kashi 14.

Lissafin ba wuya. Dutsen guga na cin wat 1,000 ko fiye, wato yunit guda a sa'a ɗaya. A ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A, masu alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo wajen 209. Ke nan gugar sa'a ɗaya ta haura naira 200, kuɗin da zai riƙe ƙwan LED mai wat 9 sama da sa'o'i 100. Masu sayar da kayan wuta a kasuwa shaida ne: mai saye yanzu yakan juya kwali ya duba wat kafin ya taya.

'Yan kasuwa ma sun riga gwamnati sanin farashi gwargwadon nauyi. Mai injin maja da ke ja wa rumfuna waya yana da kuɗin ƙwai daban, na fanka daban, na firji daban, dutsen guga kuwa sai da yarjejeniya, don ya san abin da injinsa zai iya ɗauka.

Amma akwai gaskiyar da ba a tsallakewa. Farashin wutar gida a Najeriya ya danganta ne da rukunin layin da mutum yake, daga A mai sa'o'i 20 har E mai sa'o'i 4, ba da lokacin da ya kunna kaya ba. Yunit ɗin ƙarfe takwas na dare da na ƙarfe ukun asuba kuɗinsu ɗaya. Sannan kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta a ƙasar ba su da mita ko kaɗan, mafi yawan mitocin da ake da su kuma jimilla suke ƙirgawa, ba sa'a-sa'a ba. Abu mafi girma shi ne, ba yadda za a ce wa mace ta bar guga sai sha ɗayan dare alhali ba ta da tabbacin za a kai lokacin da wuta. Mutanen Katsina sun daɗe suna sauya lokacin aikinsu, sai dai ba farashi ke juya su ba, ihun yara ne na "an kawo wuta!" Da an kawo, kowa ya rugo ya jona komai, don ba a san yaushe za a ɗauke ba, wannan rububin kuma shi kansa yakan ƙona fiyus.

Saboda haka bayanin da ya fi amfani a nan mai sauƙi ne: jadawalin da ake cikawa. Idan unguwa ta san tabbas tana da wuta daga goman safe zuwa huɗun yamma, mai ƙanƙara zai daskarar da ruwansa a lokacin, a cika tanki, a yi guga, magariba ta rage wa fitila da fanka. Saƙon waya da sanarwar rediyo da Hausa sun isa isar da wannan. Rahusar tsakar dare ga masu injin niƙa da masu ƙanƙara za ta iya biyo baya idan mitoci masu ƙirga sa'a sun samu, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, har da farashi. Zafin watan Afrilu, lokacin da kowace fanka a birnin Dikko ke juyawa har asuba, shi ne zai fara gwada duk tsarin da aka kawo.