Yaro Ya Kusa Shiga Makaranta Amma Yana Ɓata Wando: Me Za Mu Yi?

'Yan uwana mata, wannan magana ce da ba a cika kawowa wurin taron zubi ba, saboda kunya. Ni ma na ɓoye tawa kusan shekara guda. Autana ya kai shekara 5 yana fitsarin kwance, da rana kuma sai in ga kashi ya ɓata masa wando. Na yi faɗa, na yi duka, har abincin dare na taɓa hana shi. Abin bai ragu ba, sai ma yaron ya koma ɓoye wandonsa a bayan rumbu. Ga shi yara suna shiga aji ɗaya na firamare da shekara 6, ina ta tunanin yadda za a yi masa dariya a aji. Ranar da na daure na faɗa wa matan ƙungiyarmu, sai ga wasu sun ce ai su ma haka suke fama. Abin da na koya daga baya a wurin ma'aikaciyar lafiya shi ne zan faɗa muku.

Ba da gangan yake yi ba

Yawancin yara suna iya riƙe fitsari da kashi da rana tsakanin shekara 3 zuwa 4. Na dare shi ne yake jinkiri. A cikin yara masu shekara 5, kusan 15 cikin 100 suna fitsarin kwance, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu yayin da suke girma. Wani mafitsararsa ba ta ɗaukar fitsari da yawa, wani barcinsa ne mai nauyi, ba ya jin ta cika. Abin kuma yana bin jini. Ki tambayi surukarki, ƙila baban yaron ma ya yi.

Don haka duka ba magani ba ne. Haka ma ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, ko sa yara su bi shi da waƙar tsiya. Tsoro da kunya ƙara abin suke yi, kuma yaron ya daina gaya miki gaskiya.

Ki fara duba kashinsa

Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Yaron da kashi ke zubo masa a wando, sau da yawa taurin kashi ne yake damunsa. Idan ya taɓa jin zafi wurin yi, sai ya riƙa matsewa. Kashin ya taru a hanji ya bushe, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa bi ta gefe yana fita ba tare da ya ji ba. Ke kuma ki ɗauka zawo ne ko iskanci. Hanjin da ya cika yana danne mafitsara, sai fitsari ma ya ƙwace.

Ki lura: yana yin kwana biyu ko uku bai yi ba? Yana nishi ko kuka? Kashin kamar na akuya ne? In haka ne, ki yawaita ba shi ruwa da rana, da miyar kuka, kuɓewa, zogale, wake, gwanda da mangwaro. Bayan ya ci abincin safe da na dare, ki zaunar da shi kamar minti 5, ko da bai ce yana ji ba, domin lokacin ne hanji ke motsi. In taurin ya daɗe, abinci kaɗai ba zai isa ba, sai an haɗa da maganin asibiti.

Tsoron masai

Mu manya mun saba, amma ki duba masai da idon yaro: rami mai faɗi, duhu, wari, kyankyasai. Nawa yaron sai daga baya ya ce mini tsoro yake ji kar ya faɗa. Ki saya masa fo, ko a rage bakin ramin a yi masa murfi. Ki raka shi da fitila in dare ya yi. Kashin da ke cikin fo a zuba shi a masai, kada a watsa a bola, domin kashin yara ma yana ɗauke da cuta kamar na manya. Bayan nan ku wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka.

Shirin dare

Kada ki hana shi ruwa da rana. Ya sha sosai da safe da rana, a rage bayan magariba, musamman shayi da lemon kwalba. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen kwanciya, ki ajiye fo kusa da shi. Da safe ku wanke tare ba hantara. Ranar da ya tashi a bushe ki yaba masa.

Shirin makaranta

Tun kafin a sa shi, ki koya masa cire wando da kansa, wando mai roba ya fi mai tazuge sauƙi. Ya iya riƙe buta ya yi tsarki, yarinya kuma ta wanke daga gaba zuwa baya. Ki koya masa ɗaga hannu ya ce, "Malam, zan zaga." Ki je ki ga masan makarantar da idonki, ki yi wa malamin bayani a keɓe, ki sa wani wando a jakarsa. Kada ki hana yaro karatu saboda fitsarin kwance.

Yaushe za a je asibiti?

- Jini a fitsari. Yana iya zama tsargiya, wadda yara ke ɗauka wurin wanka a kududdufi ko rafi, kuma tana da magani.
- Zafi wurin fitsari, ko zazzaɓi tare da shi.
- Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama. Wannan kada a kwana, yana iya zama ciwon suga.
- Yaron da ya daina wata 6 ko fiye, sai ya dawo yana yi.
- Ya wuce shekara 4 kashi na zubo masa, ko ya wuce 5 yana jiƙa wando da rana.
- Yaro mai sikila, domin su fitsarin kwance ya fi yi musu yawa.

Abin da ƙungiya za ta iya

A ƙungiyarmu mun amince a cire kuɗin mota zuwa asibiti daga asusun taimako idan yaro ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Mun kuma haɗa kuɗi aka saro mana fo da leda da sabulu a kasuwar gari, suka zo da rahusa. Sharaɗinmu ɗaya ne: abin da mace ta faɗa game da ɗanta ba ya fita daga wurin taro.

Nawa yaron, da aka magance taurin kashin, wando ya daina ɓaci cikin 'yan watanni. Fitsarin dare ya ɗan ja lokaci, amma ya shiga makaranta tare da sa'o'insa. A taronku na gaba, bayan an gama zubi, ku tattauna: wace ce a cikinmu take fama da wannan, kuma me za mu fara yi mata a wannan makon?