Yadda Masu Hannun Jari Ke Sake Lale Kafin Tattalin Arziki Ya Karye

A shekarar 2008, wadda bankin Lehman Brothers ya durƙushe a cikinta, kamfanoni biyu ne kacal cikin 30 da ke ma'aunin Dow Jones na Amurka hannun jarinsu ya ƙare shekarar da ƙarin daraja: Walmart da McDonald's. Ɗaya kantin kayan masarufi ne mai rangwame, ɗayan kuma gidan abinci mai araha. Da aljihu ya yi sanyi, Amurkawa sun fasa sayen sabuwar mota da sabon gida, amma ba su fasa sayen sabulu da burodi ba.

Wannan ne ya sa masana ke kallon kasuwar hannayen jari ɓangare-ɓangare. Ma'aunin S&P 500 ya kasa kamfanoninsa gida 11, ciki har da bankuna, makamashi, fasahar zamani, lafiya, kayan masarufi, da wutar lantarki da ruwa. Wasu ɓangarorin suna tashi suna faɗuwa tare da tattalin arziki, kamar bankuna, gine-gine, motoci da jiragen sama. Wasu kuma ba sa girgiza sosai, domin majinyaci ba ya jiran kasuwa ta gyaru kafin ya sayi magani. A 2008 ɓangaren bankuna da kamfanonin kuɗi ya zubar da fiye da rabin darajarsa, na kayan masarufi kuwa bai rasa ko kashi 20 cikin 100 ba.

'Yan Nijeriya da suka sayi hannun jari a wancan zamani ba sa buƙatar a ba su labari. Malaman makaranta, 'yan fansho da 'yan kasuwa sun yi layi suna cike takardun sayen hannun jarin bankuna, wasu har da kuɗin da bankunan suka ranta musu. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki 60,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara guda ya koma wajen 20,000. A watan Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba Naira biliyan 420 don ceto su. Mutumin da ke riƙe da takardun bankuna shida yana ganin ya rarraba dukiyarsa, ashe duk a rumbu ɗaya ya zuba hatsin.

Sai dai kowace matsala da irin wanda take kayarwa. A 2020 cutar korona ta tsayar da jirage da motoci, har farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili a ranar 20 ga Afrilu, kamfanonin fasahar zamani kuwa suka yi ta haɓaka. Da aka shiga 2022 sai reshe ya juye da mujiya: ɓangaren makamashi ya tashi da sama da kashi 50 cikin 100, na fasaha ya sha ƙasa. A Nijeriya ma, faɗuwar darajar Naira a 2023 ta jefa Nestlé Nigeria da MTN Nigeria cikin asara saboda bashin kuɗin waje, duk da cewa jama'a ba su daina sayen Maggi da katin waya ba. Manyan bankuna, waɗanda suka sha kashi a 2009, su ne suka kwashi riba.

Don haka gogaggun masu kula da jari ba sa tsayawa kan sunan ɓangare kaɗai. Suna buɗe rahoton kamfani su ga bashin da ke wuyansa, da irin kuɗin da zai biya shi, da ko ya saba raba wa masu hannun jari riba ko a shekarar wahala. Suna kuma ƙayyade wa kowane ɓangare kasonsa, in wani ya kumbura ya wuce iyaka su rage shi su cike wanda ya rame. Wani kaso kuma suna ajiye shi a tsabar kuɗi ko takardun lamunin gwamnati. Ga masu gudun kuɗin ruwa akwai Sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi.

Abin da masu kula da jari suke gudu shi ne sayar da komai saboda jita-jita. A ƙarshen 2022 masana da yawa sun yi hasashen tattalin arzikin Amurka zai karye a shekara mai zuwa. Bai karye ba, kuma ma'aunin S&P 500 ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100 a 2023.