Talla ya koma waya, da me gidajen rediyo za su rayu?

Duk wanda ya leƙa ɗakin watsa shirye-shirye na gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano yanzu, zai tarar da kyamara kafe a gaban mai gabatarwa. Shirin da a da sai dai a ji, yau kallonsa ake kai tsaye a Facebook, mai gabatarwa na magana yana duba waya, yana karanto saƙonnin mutanen Damagaram da mazauna Jidda. Freedom Radio da aka buɗe a 2003 tana yin haka, jaridar Aminiya na yi, BBC Hausa ma da ta fara tun 1957 ba a bar ta a baya ba.

Bin masu sauraro zuwa waya bai yi wuya ba. Kuɗin talla ne ya ƙi biyowa.

Ɗauki mai shagon atamfa a Kantin Kwari. A da sai ya je gidan rediyo ya biya a yi masa sanarwa, ba tare da ya san kunnen wa za ta faɗa ba. Yau yaron shagonsa ne zai baza turamen a ƙasa, ya ɗauki bidiyo, ya ɗora a WhatsApp da TikTok, kafin la'asar mata sun fara tambayar farashi. In yana son abin ya yi nisa, ya biya wata mai tarin mabiya, ko ya biya Meta mai Facebook ta nuna wa matan Kano da Kaduna kaɗai. Ba laifinsa ba ne, ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake zuwa.

'Yan Kannywood sun riga kowa gane haka. Da kasuwar faifai ta mutu, sai suka koma fim mai dogon zango irin su Izzar So da Labarina a YouTube, suna saka tallan 'yan kasuwa a cikin shirin. Dole ce ta sa, domin YouTube na riƙe kashi 45 cikin ɗari na kuɗin tallan da ya ɗora, kuma abin da ake biya kan mai kallo a Najeriya bai kama ƙafar na Amurka ba.

Hukuma ma ta motsa. Dokar 2022 ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON, ta ce a tantance talla ko da na intanet ne, har hukumar ta maka Meta a kotu a shekarar tana neman naira biliyan 30. Duk da haka masu maganin "warkar da komai" na nan suna cin karensu ba babbaka a wayoyinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne albashin wakilin da ke zuwa kotu, asibiti da ƙauyen da ambaliya ta ci. Daga kuɗin talla yake fitowa. Idan ya ƙafe, gidan rediyo zai jingina da shirye-shiryen da 'yan siyasa ke saya, labari kuma ya zama na mai biya. Don haka 'yan kasuwarmu, ku yi tallanku a waya, amma ku ware wa gidajen rediyo da jaridun garinku nasu kason.