Allurar Gyangyaɗi a Asibiti: Yadda Ake Kiyaye Ran Majiyyaci

Akwai ayyuka da yawa na asibiti waɗanda ba sa bukatar a sumar da majiyyaci ɗungum, kamar gyaran karaya da mayar da ƙashin da ya goce, da wankin ƙuna, da cire haƙori mai wuya, da wankin ciki bayan ɓari, da leƙa tumbi ko hanji da na'ura mai fitila. A irin waɗannan likita yakan ba da magani ta jijiya wanda zai kwantar da hankalin majiyyaci, ya rage masa zafi, ya sa shi gyangyaɗi. Mutum yana numfashi da kansa, in an kira sunansa ya amsa, in an ce ya ɗaga hannu ya ɗaga, kuma galibi bayan an gama ba ya tuna abin da ya gudana.

Wannan hanya tana da sauƙi, kuma yawanci ana komawa gida a ranar. Amma sauƙin nata shi ne yake jawo sakaci, don haka ya wajaba jama'a su san inda haɗarinta yake.

Inda haɗarin yake

Magungunan da aka fi amfani da su sun haɗa da midazolam da fentanil da fetidin da ketamin da furofofol. Yawancinsu, ban da kwantar da hankali, suna rage ƙarfin numfashi, musamman idan an haɗa biyu. Kuma babu wata katanga tsakanin gyangyaɗi da barci mai nauyi. Awon da ya isa saurayi mai ƙarfi yana iya yi wa tsoho ko wanda ciwo ya ramar yawa. Idan barci ya yi nauyi sai naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska fiye da mintoci kaɗan. Haɗari na biyu shi ne amai: wanda barci ya danne ba ya iya tari yadda ya kamata, sai abin da ke cikinsa ya kwarara cikin huhu.

Abin da ke wuyan majiyyaci kafin aiki

Tun ran gini, ran zane. Wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita gaskiya game da waɗannan:

1. Ciwon da yake fama da shi, kamar hawan jini, ciwon zuciya, ciwon sukari, asma, ciwon hanta ko na ƙoda, ko sikila.
2. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci. Sau da yawa wanda suke kwana ɗaki ɗaya ya fi shi sanin wannan.
3. Kowane magani da yake sha, na asibiti ko na gargajiya.
4. Shan giya, ko tiramadol, ko kodin, ko ƙwayoyin barci. Likita ba alƙali ba ne, kuma ɓoye masa wannan yana iya jawo asarar rai.
5. Juna biyu, ko zaton akwai shi.
6. Wata matsala da allurar barci ta taɓa jawo masa, ko wani daga cikin danginsa.

Sai kuma barin abinci. Ƙa'idar da aka saba bi ga aikin da aka sa wa rana ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, awa 8 idan abincin mai maiƙo ne ko nama, a daina shan ruwa zalla awa 2 kafin aiki. Jariri yakan bar nonon uwa awa 4. A lura fa, koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne, ba a lissafa su cikin ruwa. Uwar da ta ɗan ba yaro koko a ɓoye don tausayi ta sa shi cikin haɗari. Wanda ya manta ya ci, ya faɗa. Gara a ɗaga aiki zuwa wata rana.

Abin da ke wuyan ma'aikata

Babban sharaɗi shi ne a sami ma'aikaci ƙwararre, daban da likitan da ke aikin, wanda zai tsaya kan majiyyaci yana lura da numfashinsa. Shi zai riƙa yi masa magana don ya tabbata yana amsawa, yana duban ɗagawar ƙirjinsa, yana rubuta bugun zuciya da awon jini kamar kowane minti 5. Ana ba da magani kaɗan-kaɗan, a jira a ga aikinsa kafin a ƙara.

Ana maƙala wa majiyyaci wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar oksijin da ke cikin jini. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano hanyar aikinta a 1972, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da ake tabbatarwa kafin a fara tiyata. Ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa 100. Idan ta sauka ƙasa da 90 ana bukatar taimako nan take. Jan farce da baƙin lalle suna iya rikita ta, kuma bincike ya nuna a jikin baƙar fata takan nuna adadi sama da na gaskiya kaɗan. Saboda haka na'ura ba ta maye gurbin idon ma'aikaci.

Kafin a fara, dole a tanadi tukunyar oksijin, da jakar hura iska, da na'urar zuƙe amai da majina, da magungunan karya ƙarfin allurar: naloksan ga dangin fentanil da fetidin, fulumazenil ga midazolam. Idan numfashi ya ja baya, sai a dakatar da aiki, a kira majiyyaci a girgiza shi, a ɗaga haɓarsa a turo muƙamuƙinsa gaba, a ba shi iska. Majiyyaci da danginsa suna da haƙƙin tambaya tun da wuri: wa zai tsaya a kansa, kuma akwai oksijin a ɗakin?

Bayan an gama

Haɗari ba ya ƙarewa da ƙarewar aiki. Zafin aikin yana taimakawa wajen hana barci yin nauyi, da zarar ya wuce sai magani ya sami sarari. Haka kuma maganin karyawa yana iya sakin jiki kafin allurar kanta ta saki. Don haka ake ajiye majiyyaci a ɗakin farfaɗowa, ana lura da shi har sai ya wartsake sosai.

Kada a sallame shi sai da babban mutum mai hankali da zai raka shi gida ya kwana kusa da shi. Har tsawon awa 24 kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya taɓa injin niƙa ko girki kan wuta, kada ya sha giya ko ƙwayar barci, kada kuma ya sa hannu kan takardar ciniki ko yarjejeniya. Idan ya yi barci a kwantar da shi a gefensa. Yaro kuwa a lura kada kansa ya rusuna kan ƙirjinsa a mota ko a goye.

Idan an tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi wuya, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi, ko amai ya ƙi tsayawa, a mayar da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.