Ingancin Awo da Tsaron Layukan Lantarki Mai Miƙewa

1.0 Gabatarwa

Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai kai-da-komo, wato irin wadda ake ja zuwa gidaje a Chagoua da sauran unguwannin N'Djamena. Akwai kuma mai miƙewa, wadda ke kwarara fuska ɗaya. Idan tafiya ta yi nisa ƙwarai, mai miƙewa ta fi rage asara a hanya. Misalinta shi ne layin Inga zuwa Kolwezi a Kwango, mai tsawon kilomita 1,700, wanda ya fara aiki a 1982, da na Habasha zuwa Kenya da aka kunna a 2022. Wannan takarda za ta nuna yadda tsaron irin wannan layi ya rataya a kan ingancin awo.

2.0 Yadda Ake Awo

Transifomar awo da aka saba da ita ba ta aiki sai da wuta mai canzawa, don haka ba ta iya auna mai miƙewa. Wata dabarar ita ce a sa ɗan ƙarfe da aka san ƙarfin turjiyarsa a cikin layin, a auna wutar da ke ratsa shi, a aika sakamakon zuwa ɗakin kula ta zaren gilashi mai ɗaukar haske.

3.0 Dangantakar Awo da Tsaro

Mu ɗauka an ajiye mutum biyu a bakunan gadar Chagoua da ke kan kogin Shari, ɗaya na ƙirga motocin da suka hau, ɗayan na ƙirga waɗanda suka sauka. Idan lissafinsu ya saɓa, ko dai mota ta maƙale a kan gada, ko wani ya yi kuskure. Haka na'urar tsaro take kwatanta wutar da ta shiga layi da wadda ta fita. Kuskuren awo kan sa ta katse lafiyayyen layi, ko ta ƙyale ɓarna ta ƙone kayan tasha.

Lokaci ma ƙalilan ne. Wuta mai kai-da-komo takan sauka zuwa sifiri sau 100 a sakan ɗaya, a nan makatsi ke samun damar yanke ta. Mai miƙewa ba ta da wannan sararin, dole a gano matsala tun wutar ba ta hauhawa ba.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, na'urar tsaro ba ta ganin layi, abin da ma'auni ya gaya mata kawai take bi. Shi ya sa ake kafa ma'aunai da na'urorin tsaro bibbiyu, ana kuma gwada su a kai a kai.